Ƙaguwa Uku a Tankin Yaya

Litinin, ƙarfe goma na safe

Kwana shida ke nan da aka dawo mana da Yaya. Na rufe shagon ɗinki, na ba masu kaya haƙuri, na tattaro 'yan komatsaina na dawo gidansa. A bayan littafin awo nake wannan rubutu. Ban ga wanda zai buɗe littafin tela ya wuce ƙugu da kafaɗa ba.

Yana falo gaban tankin kifinsa, kamar jiya, kamar shekaranjiya. Hannuwansa biyu a kan gwiwa, naɗe da bandeji har wuyan hannu. Likita ya dubi yatsun, ya dubi Yaya, bai tambayi komai ba. Ya dai ce kada ruwa ya taɓa su, balle ruwan gishiri.

Tankin ya ɓaci. Akwatin gilashi ne mai tsawon teburin yankana, da kifaye biyar da duwatsu masu ramuka, ruwan kuma irin na teku ne, shi yake haɗa shi da gishiri da kansa. Da, in ka shigo sai ka rantse babu gilashi a wurin. Yanzu gansakuka ta rufe shi, koriya shar, ta yi wa duwatsun gashi. Kifayen sai dai ka ga inuwarsu ta gifta.

Shekara goma sha huɗu yana awon ruwa a ɗakin gwajin masana'anta. Mutumin da sai ya wanke kofi sau biyu kafin ya sha. Yau shi ne zaune yana kallon wannan ƙazanta, ko a jikinsa.

Talata, bayan azahar

Inna ta kira. Gwiwoyinta ba sa barinta hawan bene, kuma gara haka.

"Ya ci abinci?"

"Cokali uku, Inna."

"Ya yi magana?"

"Yana hutawa."

"Kifayen nan nasa da ba a ci ba a sayarwa, su dai suna cin nasu ko?"

Na yi dariya don ta ji na yi. Ban gaya mata zancen yatsun ba.

Na gama ɗinke katifarsa. Wuri huɗu aka farke ta a cikin kwana goma sha ɗayan nan da ba ya gida. Wanda ya yi aikin da reza ya yi, a miƙe, hannunsa bai karkace ba.

Laraba, ƙarfe bakwai da rabi na safe

Rana ta shigo falo, sai na kashe fitilar da ke saman tankin. Ban juya ba na ji muryarsa.

"Kunna."

Kalmar farko ke nan tun da ya dawo. Na kunna. Na jira ko zai ƙara wata. Bai ƙara ba.

Alhamis, ƙarfe biyar na yamma

An yi mana baƙo. Fari ne, mai tsabta, da ledar lemu a hannu. Ya ce daga ofis yake, bai ce wane ofis ba. Turarensa ya riga shi shigowa, don haka na sa masa suna Mai Turare.

"Ƙanwata, sannu da jinya," ya ce, ya zauna tun ban ce ya zauna ba. "Malam, jiki da sauƙi? Muka ce bari mu leƙo. Ai ba a yar da juna ba."

Yaya bai ɗago ba. Gwiwarsa ta hagu ce kawai ke rawa.

Baƙon ya sha shayi a hankali. Idonsa ya bi kantar littattafai, ya bi bayan labule, ya bi hoton Baba. Daga ƙarshe ya sauka a kan tankin.

"Wannan ai ya zama kududdufi," ya ce yana murmushi. "Sai Alhamis mai zuwa, in Allah ya kai mu."

Na buɗe tagogi duka. Har yanzu ƙamshin yana cikin kujera.

Juma'a, ƙarfe tara na safe

Cokali biyu.

Asabar, ƙarfe uku na rana

Na rasa abin da zan yi masa, sai na ce bari in gyara masa abin da yake kallo. Na je wurin Mai Kifi, shagon da ke bayan masu facin taya. Dattijo ne mai ƙarancin magana, ya san Yaya tun tankin yana ƙarami. Ya tambayi jikinsa sau ɗaya, bai zarce ba.

Na kwatanta masa gansakukar. Ya ce, "Awa nawa kuke barin fitila?"

"Dare da rana."

Ya ajiye ragar da ke hannunsa. "Haske shi ke ciyar da ita. Yayanki ya fi ni sanin haka. Shi ya ce a bari?"

"Shi ya ce."

Ya daɗe yana dubana. Sannan ya ce in kankare gilashin da hannu. Na ce in na matsa kusa da soso, kallon da Yaya ke yi mini sai in ja da baya, kuma ni tsoron sa hannu a ruwan nake. Sai ya kamo mini ƙaguwoyi uku, koraye, kowace ba ta wuce marfin kwalba ba.

"Ciyawar nan ita ce abincinsu," ya ce. "Muddin sun ƙoshi ba ruwansu da kifi. Ki ɗora ledar a kan ruwan rabin awa, kina zuba musu na tankin kaɗan-kaɗan, sannan ki sake su."

Na yi yadda ya ce, lokacin da maganin rana ya kwantar da Yaya. Suka nutse a karkace, suka shige ramukan dutse. Ɗaya hannunta guda ne. Raina ya yi fari, rabon da in ji haka an kwana biyu.

Lahadi, ƙarfe takwas na safe

Ya gan su.

"Wa ya sa ki?"

"Babu kowa, Yaya. Na ɗauka za ka ji daɗi."

"Fitar da su."

Na ɗauki raga na yi ta fama, sun ƙi fitowa daga rami. Na ce sai dai in ɗaga duwatsun. Ya miƙe tsaye har kujera ta faɗi.

"Kada ki taɓa dutse."

Na ce, to yaya zan yi? Ya buɗe baki, sai ya ɗaga kai ya dubi rufin ɗaki, ya dubi soket ɗin bango, ya kai bandejinsa kusa da kunne. Ya koma ya zauna.

Na shiga kicin na yi kukana a gaban tukunya. Ban san ko hannuwan kaɗai aka taɓa ba.

Talata, ƙarfe bakwai na safe

Ba a ganinsu suna aiki. Duk wuni suna cikin rami, sai ƙwayar ido a kan tsinke tana leƙe. Amma kullum da safe sai in tarar an aske wani wuri, tas, kamar wanzami ya bi ta kai. Yau gefen dutsen dama ne, faɗin tafin hannu.

Yaya ya duba wurin kafin ya dube ni.

Laraba, ƙarfe huɗu na yamma

Matar Dogo ta zo. Dogo abokin aikin Yaya ne, tebur ɗaya suke. Rana ɗaya aka tafi da su. Yaya kaɗai aka dawo da shi.

Ta gaishe shi, ya juya fuska ga bango. Ta zauna minti goma da jakarta a cinya, ba ta taɓa ruwan da na kawo ba. Da na raka ta, sai da muka sauka hawa ɗaya ta riƙe mini hannu.

"Maigidana ya taɓa ba ni sunan wani mutum," ta ce a hankali. "Ya ce in wani abu ya faru, duk abin da yayanki ya ba ni in kai masa. Kin ga bai ba ni komai ba."

"Ba ya ko magana, Anti."

"Na gani. Ni dai ban san inda zan je in tambayi labarin maigidana ba kuma. Duk inda na je sai a ce ba su da mai wannan suna."

Na rubuta lambarta a gaban littafin nan, tsakanin masu kaya, na sa mata awon ƙarya.

Alhamis, ƙarfe biyar da rabi na yamma

Lemu kuma. Na makon jiya suna nan a kwando, babu wanda ya taɓa.

"A'a, an fara ganin kifi," in ji Mai Turare. Ya jawo kujerarsa kusa da gilashin. Mai hannu ɗaya ta fito tana tsinkar ciyawa tana kaiwa baki, ya zuba mata ido kamar mai kallon wasa.

"Ina son mai aiki a hankali," ya ce. "Ba ta gaggawa, amma ba ta tsallake wuri. Ko ba haka ba, Malam?"

Gwiwar Yaya.

Juma'a, ƙarfe shida da rabi na safe

Na ƙirga ƙaguwa huɗu. Uku na sayo.

Juma'a, ƙarfe goma sha ɗaya

Ta huɗun tana kwance a kan yashi ba motsi, da ƙafafunta da idanunta duka. Na ɗauko ta da raga, sai na ji ba nauyi, na ga haske yana ratsa ta. Babu kowa a ciki. Na kira Mai Kifi, ya ce saɓa ce, kamar ta maciji, in sun ƙoshi sun yi girma sai su fita daga tsohon jikin ta baya su bar shi.

"Alama ce suna samun abinci," ya ce.

Na ajiye ɓawon a kan taga. Duk inda na tsaya a falon sai in ga kamar ni yake kallo. Na zubar.

Litinin, ƙarfe ɗaya na rana

Mun je wankin ciwo. Na kulle ƙofa da makulli biyu, na dawo na tarar da ita a kulle da makulli biyu.

Ƙamshin na ciki.

Ba a ɗauki komai ba. Kujerar baƙi ce kawai ta bar wurinta ta koma gaban tankin, kuma gwangwanin abincin kifi a buɗe. An ba su abinci. Suna ta tsinta a saman ruwa.

Yaya ya tsaya a bakin ƙofa da takalmansa har na gama share falon.

Talata, ƙarfe bakwai na safe

Ƙaguwoyin sun koma ɓangaren hagu.

Laraba, ƙarfe shida da kwata na safe

Na gani.

A ƙasan ƙaramin dutsen hagu, inda suka aske jiya, akwai wani abu shuɗi. Na durƙusa. Marfi ne, na irin 'yar kwalbar robar da Yaya ke ɗebo ruwan gwaji da ita, tsawon ɗan yatsa. An cusa ta cikin ramin dutse an ɗaure da zare. Daga kujerar baƙi ba a ganinta tukuna. Saura kamar faɗin yatsa biyu na ciyawa.

Na juyo, Yaya yana bayana. Ya yi mini alama da kai, muka shiga banɗaki, ya nuna famfo na buɗe shi har ƙarshe. Ya kawo bakinsa kusa da kunnena.

"Abin da muka auna ne, ni da Dogo. Kada ki tambaye ni."

"Me ya sa ba ka gaya mini ba tun farko?"

"Wanda bai sani ba, ba shi da abin faɗa." Ya ɗaga hannuwansa kaɗan. "Ni na sani."

Sai yanzu na gane fitilar. Mako uku kafin a zo a tafi da shi ya bar ta a kunne, yana noman ciyawar da za ta rufe abin. Ni kuma na je na kawo masu cinye ta, har ina jin daɗi.

"Gobe Alhamis," na ce.

"Na sani."

"Zan kai wa matar Dogo."

"Ba daga nan ba. Duk wanda ya fita gidan nan da jaka ana lura." Ruwa na ta zuba. "Ƙanwata, in kin ce ba za ki iya ba, ba zan riƙe ki a rai ba."

Tun ina 'yar shekara bakwai rabon da ya kira ni haka ba da tsokana ba.

Alhamis, ƙarfe biyu na rana

Bari in rubuta.

Ƙarfe tara na naɗe hannun riga na zura hannu har kafaɗa. Ruwan da ɗumi, ciyawar tana manne wa fata kamar majina. Na ɗago dutsen gaba ɗaya na sa a bokiti, gefen marfin yana ƙasa, na zuba ruwa, na yayimo gansakuka na lulluɓe. Mai hannu ɗaya tana cikin raminta a jikin dutsen, ta ƙi fita. Na ce to, zo mu je, ke ce dalilin tafiyar.

A hawa na biyu na ji ƙamshin. Mai Turare bai taɓa zuwa da safe ba.

"Ƙanwata, ina zuwa da bokiti?"

"Wannan ce ke cizon kifi. Zan mayar da ita inda na sayo."

"Har da dutse?"

"Ta ƙi sakinsa, ranka ya daɗe."

Ya sunkuya. Ya sa yatsa ya taɓa ciyawar, ya fara janye ta gefe. Sai ƙaguwar ta fito daga rami, ta ɗaga hannun nan nata guda, ta damƙe yatsan. Ya fizge yatsan, ya duba ɗigon jini, ya yi 'yar dariya.

"Lalle tana cizo." Ya goge da hankici. "Wane shago ne?"

Na gaya masa. Me zan ce? Unguwar nan mai kifi ɗaya ne.

Shi ya riƙe mini ƙofar ƙasa har na fita.

Na ce wa Mai Kifi wata mata za ta zo, ya ba ta ƙaguwar da dutsenta, kada ya raba su. Ya ɗaga dutsen, na ga yatsansa ya taɓa zaren. Fuskarsa ba ta canza ba. Ya kai shi tankin can ciki, bayan labule.

Daga nan na bi ta gidan matar Dogo da tef ɗin awo a wuya. A bakin ƙofa na gaya mata, ina auna kafaɗarta. Ta ce Asabar da safe za ta je, ranar da take zuwa kasuwa, don kada a ga ta canza hanya.

Da na dawo Mai Turare ya tafi. Yaya ya ce minti biyar ya yi, bai ko zauna ba.

Juma'a, bayan isha'i

Sun zo su huɗu, har da Mai Turare, da tiyo da rariya. Da sallama suka shigo, suka cire takalma.

Suka zuƙe ruwan ta taga. Suka fito da duwatsun ɗaya bayan ɗaya, suna zura waya a kowane rami, wanda ya yi zurfi su fasa shi da guduma a kan tabarmar ƙofa. Suka tankaɗe yashin. Ni na kwashe kifayen a baho, da ƙaguwoyi biyun. Yaya yana zaune, hannu a gwiwa. Yau gwiwar ba ta yi rawa ba.

Awa uku. Mai Turare ya ba mu haƙurin ɓata mana falo, har ya sa ɗaya ya goge ƙasa. A bakin ƙofa ya ɗaga mini yatsansa mai filasta.

"Kin ga, har yau yana zafi," ya ce.

Kifi biyu sun mutu kafin magariba, mai rawaya da ɗan ƙaramin mai zane.

Asabar, ƙarfe biyar na yamma

Na jira har la'asar, sannan na je sayen gishiri don kifayen da suka rage.

"An karɓa," in ji Mai Kifi, tun ban tambaya ba. "Tun jiya da yamma."

"Jiya?"

"Ina shirin rufewa. Ta ce ta zo karɓar ƙaguwa mai hannu ɗaya da dutsenta. Yadda kika ce."

"Yaya take?"

"Doguwa ce, ta fi ni tsawo. Da tabarau. Ta zo da bokitinta."

Matar Dogo ko kafaɗata ba ta kai ba, kuma ban taɓa ganinta da tabarau ba.

Na ce, "Ta faɗi sunanta?"

"Ba ki ce in tambaya ba." Ya dube ni, ya ga fuskata, ya sunkuyar da kai yana ɗaure ledar gishirin. "Ta yi godiya sosai. Muryarta tana rawa. Iyakar abin da na sani ke nan."

Na kira lambar sau bakwai, a kashe. Na je gidan, da kwaɗo a ƙofa. Maƙwabciyarta ta ce tun jiya da rana ta ga ta fita da yaran da akwati ɗaya, a ƙafa, babu wanda ke tare da su. Ta ce tana da yayye mata biyu a wani gari, amma ita ba ta taɓa ganinsu ba.

Wataƙila ta ji tsoro ta aiko yayarta. Mace mai hankali haka za ta yi. Na faɗa wa kaina wannan tun daga ƙofarta har gida, kuma a kowane taku ina iya yarda da shi ko in ƙi.

Asabar, bayan magariba

Ya kira ni banɗaki. Na buɗe famfo.

"Ta karɓa?"

"An karɓa, Yaya."

Ya dube ni. Na san ya ji yadda na faɗa, mutum ne da ba ya barin ɗigo ya wuce shi. Na jira tambaya ta biyu, na riga na yanke cewa in ya yi ta zan gaya masa duka.

Ya lumshe ido, ya jingina da bango, ya sauke numfashi mai tsawo.

"Rufe famfon," ya ce. "Ruwa na ɓarna."

Lahadi, ƙarfe ɗaya da rabi na rana

Ya cinye shinkafarsa, ya ce in ƙara masa. Na ƙara.